Bibiyar Gasar Cin Kofin Afirka Ta Wayar Hannu: Tambayoyi Da Amsoshi

Duk lokacin da babbar gasa ta ƙarato, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo tsakanin masoya ƙwallo: wa za mu bi, ina ake samun sakamako da wuri, me ya sa data ke ƙarewa kafin hutun rabin lokaci, wane labari ne gaskiya. Amsoshin da ke ƙasa sun fi jingina da gasar da aka buga a Kwaddibuwa daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairun 2024, saboda a cikinta an ga kusan duk abin da kafofin sada zumunta ke iya yi, mai kyau da marar kyau. Inda misalin kofin duniya ya fi bayyana magana, an kawo shi.

Wane dandali ne ya fi dacewa da bibiyar gasa?

Ya danganta da abin da kake nema. Idan sauri kake so, X, wanda aka sani da Twitter kafin a sauya masa suna a 2023, shi ne kan gaba. A nan hukumomi da 'yan jaridar da ke cikin fili ke fara sakin sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya, kusan awa guda kafin a take leda. Facebook kuwa shi ne dandalin Hausawa, a nan ake doguwar muhawara da harshenmu, a nan kafofin labarai na Hausa suke da tarin mabiya. Instagram da TikTok na hotuna ne da gajerun bidiyo: atisaye, raha a ɗakin sauya kaya, rawar 'yan wasa a cikin mota. WhatsApp wajen hira ne da abokai, kuma a nan ƙarya ta fi saurin yaɗuwa, don ba wanda ke ganin asalin saƙon da aka turo masa.

Ni dai shawarata, kada ka ɗauki WhatsApp a matsayin majiyar labari. Ka ji a can, ka tabbatar a wani wuri.

Su wa ya kamata in bi?

Kaɗan masu inganci sun fi tarin shafuka. Ka fara da shafin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, sai na hukumar ƙwallon ƙasarka, NFF ga 'yan Najeriya, FENIFOOT ga 'yan Nijar, GFA ga 'yan Gana, FECAFOOT ga 'yan Kamaru, da kuma shafin ƙungiyar ƙasar kanta. Daga nan sai kafofin da ke da editoci da suna da suke tsoron ɓatawa: BBC Hausa, DW, RFI, Aminiya da makamantansu. Ka ƙara da ɗan jarida ɗaya ko biyu waɗanda da gaske suka tafi ƙasar da ake gasar. Gane su ba wuya, za ka ga hotunan da suka ɗauka da kansu a wajen atisaye da taron manema labarai.

Shafukan magoya baya suna da daɗi, ba na hana ka bin su. Amma yawancinsu kwafo labari suke yi daga wasu, su ƙara masa gishiri, don yawan masu dannawa shi ne abincinsu.

Idan shafi yana da shuɗiyar alama, ai na gaskiya ne ko?

A da haka ne. Yanzu a X kowa na iya biyan kuɗin wata ya samu alamar, haka ma Facebook da Instagram suna da tsarin biya. Don haka ka duba ainihin rubutun sunan shafin harafi bayan harafi, ka duba yaushe aka buɗe shi, ka ga ko shafin hukuma yana bin sa. Masu kwaikwayon shafukan manyan 'yan jarida kan sauya harafi guda kawai, su ɗora hoto iri ɗaya, su jira lokacin da hankalin kowa ya tashi.

Me ya sa nake jin ihun gidan kallo kafin in ga ƙwallon a wayata?

Saboda hoton da ke zuwa ta intanet yana bin matakai kafin ya iso gare ka: a matse shi, a yanka shi gutsi-gutsi, wayarka ta tara kaɗan a ajiye kafin ta nuna don kada ya riƙa tsinkewa. Wannan kan jawo jinkirin daƙiƙa talatin, wani lokaci fiye da minti guda. Rediyo ya fi kowa sauri, sai talabijin, sai manhajojin sakamako, sannan bidiyon waya. Idan kana kallo ta waya kuma ba ka son a riga ka, ka kashe sanarwar manhajar sakamako, ka sa abin ji a kunne.

Kullum ina ruɗewa da lokacin fara wasa. Wane agogo ake nufi?

Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, awa guda gaba da GMT. Gana da Kwaddibuwa suna kan GMT daidai, Sudan kuma awa biyu gaba. Wasan ƙarshe na 2024 an fara shi ƙarfe takwas na dare agogon Abidjan da Kumasi, wanda ya yi daidai da tara a Kano da Maraɗi, goma a Khartoum. A kofin duniya na Katar a 2022 abin ya juya, su ne ke gabanmu da awa biyu, shi ya sa wasan da Saudiyya ta doke Ajantina 2-1 ya kama ƙarfe sha ɗaya na safe a Najeriya, mutane da yawa suna wajen aiki ko kasuwa, a waya suka ji labari.

Jadawalin da ake turowa a matsayin hoto sau da yawa ba ya faɗin agogon da aka bi. Manhajojin sakamako kuwa da agogon wayarka suke aiki, su ne abin dogaro a nan.

Data ta yi tsada. Yaya zan bi gasar wata guda ba tare da na talauce ba?

Bidiyo ne ke cin data, rubutu ba ya cin komai. Wasa guda da ka kalla kai tsaye daga farko zuwa ƙarshe zai iya lashe gigabayit ɗaya ko fiye, gwargwadon kyawun hoton, kuma gasar tana da wasanni 52. Abu na farko, ka shiga saitin Facebook da X da Instagram ka hana bidiyo buɗe kansa. A WhatsApp ka hana sauke hotuna da bidiyo kai tsaye, domin a daren babban wasa zaure guda zai iya cika maka waya da bidiyo iri ɗaya sau goma. Facebook Lite ya fi babbar manhajar sauƙin ci. Idan za ka kalli taƙaitaccen wasa a YouTube, ka rage ingancin hoton zuwa 360, za ka ga ƙwallon sarai.

Hanya mafi araha kuwa har gobe ita ce haɗa biyu: sharhi a rediyo, rubutaccen bayani a waya. Manyan wasanni kuma ka biya kuɗin gidan kallo, ya fi kuɗin data sauƙi, ga kuma jama'a.

An turo min mahaɗin kallon wasa kyauta. In danna?

Kada ka danna. Mafi yawan irin waɗannan shafuka ba su da izinin nuna wasan, da tallace-tallace suke rayuwa, kuma tallan nasu na caca ne da batsa da manhajojin ɓarna. Mafi muni su ne waɗanda za su ce ka shigar da lambar wayarka da kalmar sirrin Facebook kafin ka kalla, ko su ce an turo maka lambobi shida ka faɗa musu. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Da zarar ka bayar, an ƙwace shi, sai 'yan'uwanka su fara samun saƙon neman rance da sunanka. Irin wannan damfarar ce ake yi da saƙon "CAF na rabon data kyauta". Ba hukumar ƙwallon da ke rabon data ta WhatsApp.

Ka kunna tantancewa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook kafin gasar ta fara. Aikin minti biyu ne.

Na ɗora bidiyon ƙwallon da aka ci, sai aka cire shi, har aka yi min gargaɗi. Laifin me na yi?

Hoton wasan kaya ne na sayarwa. CAF da FIFA suna sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nunawa, yanki-yanki, da kuɗi masu yawa, kuma daga nan ne babban kuɗin shigarsu ke fitowa. Dandalin yana da na'urar da ke gane hoton ko da ta fuskar talabijin ka ɗauka. Idan gargaɗin ya yawaita ana iya rufe shafinka baki ɗaya, wanda hasara ce babba ga mai sana'a da shi. Ka yaɗa wanda shafin hukuma ya wallafa. Wannan tsarin sayarwa ne ma ya sa wani bidiyon ke cewa ba a iya kallonsa a ƙasarka, alhali abokinka da ke wata ƙasar yana gani.

A ranar ƙarshe ta wasannin rukuni kowa da lissafinsa. Na wa zan yarda da shi?

A nan ne mutane suka fi yin kuskure da ƙarfin gwiwa. Ƙasashe 24 ne a rukuni shida, na ɗaya da na biyu su wuce, sai kuma huɗu mafi ƙwazo daga cikin waɗanda suka zo na uku. Ke nan makomar ƙasarka na iya rataya a kan wasan da ba ta ciki. Mai masaukin baƙi ta 2024 ta sha kashi 4-0 a hannun Equatorial Guinea, ta ƙare da maki uku, shafuka da dama suka yi mata jana'iza. Sai da Maroko ta ci Zambiya 1-0 a ranar ƙarshe sannan ta samu gurbi, kuma ita ce ta ɗauki kofin. Gana kuwa tana gaban Mozambik 2-0 har an shiga ƙarin lokaci, aka farke duka biyun, ta koma gida da maki biyu.

Sai batun idan maki ya zo ɗaya. A dokar CAF, abin da ake fara dubawa shi ne sakamakon karawar da ƙasashen suka yi a tsakaninsu, kafin a zo kan yawan ƙwallaye. Mutanen Nijar ba za su manta da wannan ba. A watan Oktoban 2011, a wasannin neman gurbin gasar 2012, Afirka ta Kudu ta tashi canjaras da Saliyo, 'yan wasanta suka yi ta rawa a fili suna zaton sun wuce da yawan ƙwallaye. Ashe Nijar ce ta wuce, bisa sakamakon karawar ƙasashe ukun da suka yi kunnen doki a maki, kuma wannan ne karon farko da Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ta je gasar. Idan masu horar da ƙasa guda za su iya karanta doka a karkace, to mai shafin da ke zana tebur a ɗakinsa fa?

Kowace gasa da dokarta. A kofin duniya na 2018 Sanagal da Japan sun yi daidai a maki da ƙwallaye, sun kuma tashi 2-2 a tsakaninsu, sai aka ƙirga katin gargaɗi, Sanagal ta fita. Don haka ka duba teburin da CAF ko FIFA suka fitar, ka bar na 'yan zaure.

Na ga hoto ƙarara da ke nuna alƙalin wasa ya yi zalunci. Ai gani ya kori ji?

Ba kullum ba. Hoto guda daga kusurwa guda yake, kuma wanda ya tsayar da shi ya zaɓi daƙiƙar da ta yi masa daɗi. A Katar, ƙwallo ta biyu da Japan ta ci Sifaniya ta tayar da ƙura, don a hoton da ya fara yawo kowa ya ga tamaula ta fita fili kafin a dawo da ita. Hoton da aka ɗauka daga sama ya nuna cewa gefenta na kan layi, kuma doka ta ce sai dukkanta ta haye sannan ta fita. A satar gida ma haka ne, matsar da hoton gaba ko baya da ƙiftawar ido na sauya komai.

Na'urar VAR, wadda alƙali ke sake duba bidiyon wasa da ita, kuma ta sa "an ci" ba ta zama magana ta ƙarshe. A wasan kusa da na ƙarshe na 2024 tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu a Bouaké, Victor Osimhen ya zura ƙwallon da za ta mai da wasan 2-0 ana dab da tashi, wayoyi suka cika da murna. Alƙali ya je ya duba, ya soke ta, ya koma baya ya ba Afirka ta Kudu fenariti saboda ƙetar da aka yi tun kafin harin, Teboho Mokoena ya farke. Sai a bugun daga kai sai mai tsaron gida Najeriya ta yi nasara 4-2, bayan Stanley Nwabali ya tare biyu. Wanda ya ajiye waya a kan saƙon farko ya kwana da sakamakon da bai taɓa faruwa ba.

To yaya zan bambance labarin gaskiya da na ƙanzon kurege?

Kada ka auna shi da ko ya yi kama da gaskiya, domin ƙwallo na zuwa da abin mamaki. Wa zai yarda cewa ƙasa za ta kori kocinta a tsakiyar gasar da take karɓar baƙunci? Amma Kwaddibuwa ta sallami Jean-Louis Gasset, ta miƙa wa mataimakinsa Emerse Faé, shi ya kai ta ga kofi. Abin da za ka tambaya shi ne daga ina labarin ya fito. Idan an ce hukuma ta ce, ka je shafin hukumar. Idan hoton rubutu ne aka turo da tambarin wata kafa, ka nemi labarin a shafin kafar, don ƙirƙirar irin wannan hoton ba ya cin minti biyar. Maganar da aka liƙa a jikin hoton ɗan wasa, ba bidiyo, ba inda ya faɗa, ka ɗauke ta ba komai ba. Tsohon hoto kuma Google Lens zai nuna maka ranar da ya fara fitowa. A WhatsApp, saƙon da ke ɗauke da kibiya biyu alama ce ta cewa ya bi hannaye da yawa.

Yanzu har murya da fuska ana haɗawa da ƙirƙirarriyar basira. Idan ka ga koci na faɗin abin da babu wata babbar kafa da ta ɗauka, ka dakata.

Tsokana ai tana cikin ƙwallo. Ina iyakarta?

Tana ciki, kuma ita ce rabin daɗin gasar. Mu da muka tashi da wasan Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari, ba sai an koya mana yadda ake tsokana a rabu ana dariya ba. Abin da ke tsakanin 'yan Najeriya da 'yan Gana a intanet, musamman tun da Gana ta hana Najeriya zuwa Katar a Abuja a watan Maris na 2022, yawancinsa irin wannan ne.

Iyakar tana inda aka bar wasa aka koma kan mutum. Bayan wasan ƙarshe na 2024 tsakanin Najeriya da Kwaddibuwa, wanda William Troost-Ekong ya fara ci wa Najeriya kafin Franck Kessié da Sébastien Haller su juya shi 2-1, dubban mutane sun afka wa shafin Alex Iwobi da zagi, har ya goge hotunan da ke shafinsa na Instagram. Kyaftin Ahmed Musa da Osimhen suna cikin waɗanda suka fito suka roƙi a daina. Wannan ƙungiya ce da ta kai wasan ƙarshe alhali kaɗan ne suka yi mata zaton haka. A Ingila ma, bayan wasan ƙarshe na kofin Turai a watan Yulin 2021, Bukayo Saka da Marcus Rashford da Jadon Sancho sun sha zagin wariyar launin fata saboda sun ɓarar da fenariti, Saka yana ɗan shekara 19 a lokacin. Yawan irin wannan ne ya sa FIFA da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, suka kafa tsarin tace saƙonnin zagi a shafukan 'yan wasa a gasar kofin duniya ta 2022.

Ka ce ɗan wasa bai taka rawar gani ba, ka ce koci ya yi kuskuren canji, wannan haƙƙinka ne na mai kallo. Amma zagin iyayensa, ko ƙabilarsa, ko addininsa, ko yi masa fatan mutuwa, wannan ba sharhi ba ne. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda da an yi rashin nasara sai a fara ƙirga 'yan Kudu nawa, 'yan Arewa nawa aka sa. Ahmed Musa da ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, ba wa Arewa kaɗai ya ci ba, kuma ranar ba wanda ya tambayi garinsu kafin ya yi tsalle. Rubutun da ka yi cikin fushi kuma yana nan bayan fushin ya wuce, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Wasu na tallar cewa sun san sakamakon wasa tun kafin a buga. Gaskiya ne?

Ƙarya ce. Dabarar tsohuwa ce: a raba mutane kashi uku, a ce wa waɗannan za a ci, waɗancan za a sha kashi, sauran canjaras. Dole kashi ɗaya ya dace, sai a nemi su biya kuɗi don samun na gaba. Wasu kuma gyara rubutunsu suke yi bayan an tashi wasa, su nuna hoton a matsayin hujja. Wanda ya san sakamako da gaske ba zai sayar maka da shi a kan dubu biyu ba. Ita cacar kanta hukuncinta a addini sananne ne, kuma a lokacin gasa ne tallarta ke cika waya, har da ba da kyautar farko don a ja ƙafar yaro. Iyaye su lura da wayoyin 'ya'yansu a wannan watan.

Ina wajen aiki lokacin wasa, ina so in kalli maimaici ba tare da na san sakamako ba. Zai yiwu?

Da wuya, amma ana iyawa. X da Instagram suna ba da damar toshe kalmomi, sai ka sa sunayen ƙasashen biyu da na gasar. Ka rufe bakin zaurukan WhatsApp na awa takwas, kada ka leƙa sitatus. Idan ka shiga YouTube kuwa ka yi hattara, sau da yawa sakamakon na rubuce a kan taken bidiyon.

Ni ne shugaban zauren WhatsApp na unguwarmu. Wace doka zan kafa?

Uku sun isa, kuma ka faɗe su tun kafin wasan farko, don doka a tsakiyar rigima kowa zai ce da shi kake. Ba zagin iyaye, ƙabila ko addini. Ba tallar caca ko mahaɗin da ba a san asalinsa ba. Duk wanda ya kawo babban labari, kamar rauni ko kora ko mutuwa, ya faɗi inda ya samo shi. Idan wuta ta kama bayan an tashi wasa, akwai saitin da ke sa shugabanni kaɗai ke iya rubutu. Ka kunna shi zuwa safiya.

Idan aka ɗauke wuta, ko sabis ya ƙi, a daren babban wasa fa?

Ka yi caji tun da rana, ka rage hasken fuskar waya, ka rufe manhajojin bidiyo. A daren da kowa ke kan layi sabis kan yi nauyi, amma shafukan rubutu da manhajar sakamako suna buɗewa ko da ƙarfinsa ya ragu. Wayoyi da yawa, musamman ƙanana masu madannai, suna da rediyon FM a ciki wanda ba ya buƙatar data ko kaɗan, a wasunsu sai ka maƙala abin ji na waya don shi ne eriyar. Ka binciki tashar da za ta kawo sharhin wasan a garinku tun da wuri, ka ajiye lambarta a wayar.